Idan Rumbun Rajistar Hanyoyi Ya Ɗauke: Jagora Ga Mai Kula Da Rauta

Mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema a Upper Iweka, cikin Anaca, bai san BGP ba, kuma babu ruwansa da ita. Abin da ya sani shi ne, dillalin albasa ya taso daga Bridge Head zai tura kuɗi Aliero, na'ura ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta ce babu sabis. Galibi laifin yankewar waya ne ko rashin wuta. Amma akwai wata irin katsewa da injiniya ke jawo wa kamfaninsa yana barci, ta hannun 'yar manhajar da ya ɗora wa aikin sabunta rariyar adireshi kowane dare. A kanta wannan jagora take, kuma da kai nake, ɗan'uwa, mai riƙe da rautar ƙaramin kamfanin intanet ko matsakaici a Anaca, Inugu ko Fatakwal, wanda ke da kwastomomi masu lambar AS tasu, ko yake musayar hanya da wasu a cibiyar IXPN.

Bari mu yi tuni kaɗan. Kowane netwok yana shelanta wa maƙwabtansa rukunonin adireshin da za a same su ta wurinsa. BGP ba ta rantsar da kowa: abin da maƙwabci ya faɗa, shi ake ɗauka, sai fa in an sa rariya. Bayanan da ake saƙa rariyar da su suna zaune a rumbunan rajistar hanyoyi, waɗanda ake kira IRR. Akwai na AFRINIC, inda ya kamata adireshinmu na Afirka su kasance. Akwai na RIPE da APNIC da ARIN da LACNIC, sai masu zaman kansu irin RADb na Merit Network da ke jihar Michigan a Amurka, da NTTCOM, da ALTDB. A ciki, rubutun route yana cewa rukuni kaza na AS kaza ne, route6 ya yi haka ga IPv6, shi kuwa as-set yana lissafa lambobin AS da ke bayan kamfani. Harshen rubutun shi ne RPSL, wanda aka tsara a RFC 2622 tun 1999. Sai ka kawo manhaja irin bgpq4, ko yayanta bgpq3, ta tambayi saba ta ƙofa ta 43, ta warware as-set, ta tattaro rukunoni, ta fitar maka da jeri a yaren Cisco ko Juniper ko BIRD ko MikroTik. Misali:

bgpq4 -4 -h rr.ntt.net -S RPKI,AFRINIC,RIPE -l KWASTOMA AS64500:AS-KWASTOMA

Ga abin da nake so ka riƙe kafin komai: rauta ba ta magana da rumbun rajista. Jerin da aka loda mata jiya yana nan cikin cikinta, kuma za ta ci gaba da aiki da shi ko da RADb da AFRINIC da NTT sun mutu rana ɗaya. Kamar mai gadin ƙofar tashar mota ne da ƙungiya ta ba shi jerin motocin da aka yi wa rajista. In sakatare bai zo ofis yau ba, mai gadi ya ci gaba da takardar jiya, motocin Kano da na Legas su yi lodi su tashi. Matsala tana farawa ne ranar da ɗan aike ya je ofis ya tarar a kulle, ya dawo da farar takarda, ya karɓe ta jiya ya yaga, ya miƙa farar. Daga nan mai gadi ko dai ya hana kowa shiga, ko ya wangale ƙofa. Ɗan aiken nan shi ne 'yar manhajarka. Duk sauran jagorar nan koya masa hankali ne.

Yadda ɗaukewar ke zuwa

Mafi sauƙi ita ce saba ta ƙi amsawa gaba ɗaya. Manhaja ta jira, lokaci ya ƙare, ta fita da lambar kuskure. In ka rubuta 'yar manhajarka ta duba lambar fita kafin ta taɓa rauta, ka tsira. Da yawa ba sa dubawa: layi ɗaya ne a cron, abin da bgpq4 ya fitar ana juye shi kai tsaye kan fayil ɗin jiya, sannan a tura.

Kada ka ɗauka sai rumbun ya lalace wannan ke faruwa. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa. Sabobin Amurka da na Turai lafiyarsu ƙalau, mu ne hanyarmu ta zuwa gare su ta ƙuntata, bankuna suka yi ta ba kwastomomi haƙuri, gyara ya ɗauki makonni. A irin wannan rana, abin da ya rage maka mai lafiya shi ne zirga-zirgar cikin gida, wadda ke bi ta IXPN a Legas, Abuja, Fatakwal, Inugu da Kano. Ka duba irin asarar: hanyar waje ta raunana, sai 'yar manhajarka ta kasa isa Michigan, ta share rariyar abokan musayarka na gida, ka rasa ta waje ka rasa ta ciki.

Wadda ta fi haɗari ita ce saba ta amsa, amma amsar ta zo a gutsure. Hakan yana faruwa in sabar tana sake loda bayanai, ko ɗaya daga rumbunan da take kwafowa ya faɗi, ko wani ya goge as-set ɗin da ke cikin as-set ɗin kwastomanka. Manhaja ba ta ga laifi ba: ta yi tambaya, an ba ta amsa, ta fita lafiya. Jiya rukuni 80, yau 12. Ko kuma babu ko ɗaya, sai bgpq4 ya rubuta maka layin hani guda, wanda ma'anarsa a rauta ita ce kada a karɓi komai daga wannan kwastoma.

Akwai kuma ta ɓoye, wadda saba ke amsawa cikakke amma da bayanan da suka kwana biyu, saboda kwafin da take ja ta tsarin NRTM ya tsaya ba wanda ya lura. Wannan ba ta kashe kowa nan take. Za ka gane ta ne ranar da kwastoma ya kira ya ce ya yi rajistar sabon rukuni tun makon jiya, har yau ba ka karɓa ba.

Abin da rauta ke yi da jerin da ba komai a ciki

A nan ake samun saɓani tsakanin na'urori, kuma wajibi ne ka san halin taka. A Cisco IOS, in ka ambaci prefix-list da babu shi ko babu komai a cikinsa, rauta tana barin komai ya wuce. A Junos, sashen ƙa'ida da aka kwashe duk sharuɗɗan da ke cikinsa yana dacewa da kowace hanya, don haka in ƙarshensa karɓa ne, komai ya shiga. Sannan ka lura da layin farko da bgpq4 ke fitarwa don Cisco: umarnin goge tsohon jeri ne, sabon yana biyo baya layi-layi. In haɗinka da rauta ya yanke a tsakiya, ko wuta ta ɗauke janareta bai kama da wuri ba, an bar ka da rabin jeri ko babu jeri sam. RFC 8212 ta 2017 ta ce rauta ta ƙi karɓa da shelantawa a eBGP muddin ba a sa ƙa'ida ba, amma ba kowace na'ura ke bin wannan ba sai an kunna, tsofaffi kuwa ba su san da ita ba.

Wanne ya fi muni, rufewa ko wangalewa? Rufewa tana kashe kwastoma ɗaya, ya kira ya yi faɗa, ka gyara. Wangalewa tana iya kai sunanka jaridun duniya. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, wajen ƙarfe goma na dare agogon Najeriya, kamfanin MainOne, AS37282, ya yi kuskure a saitinsa yayin wani gyara, ya shelanta wa China Telecom rukunonin Google sama da 200 waɗanda ya koyo ta musayarsa da Google a Legas. China Telecom ta karɓa ta miƙa gaba, har ta kai ga TransTelecom na Rasha. Na tsawon minti 74 masu neman Google daga sassan duniya suka riƙa bin hanyar da ba ta ɓullewa. MainOne ya fito ya amsa kuskurensa. Ba ɗaukewar rumbun rajista ce ta jawo wannan ba, amma hoton abin da ke faruwa ke nan idan ƙofa biyu a jere ba su da rariya. Kai ma in 'yar manhajarka ta goge jeri a rautar da ke ɗaukar rashin jeri a matsayin izini, ka zama ƙofa ta biyu.

Gyaran 'yar manhaja

Raba aikin gida biyu: janyo bayani daban, turawa rauta daban. Janyowa ta rubuta a sabon fayil na wucin gadi, kada ta kusanci na jiya. Tsakanin janyowa da turawa kuwa a sa alƙali, wato 'yan layukan da za su duba sabon jeri su yanke hukunci.

Abu na farko da alƙalin zai yi, tun kafin ya tambayi as-set na kowa, shi ne ya tambayi abin da ya riga ya san amsarsa. Naka as-set ya fi dacewa. Ka san rukunoninka, ba sa canzawa sai da saninka. In saba ta kasa dawo da su daidai, to ba ta da lafiya, a dakatar da aikin daren gaba ɗaya, a gwada wata sabar. In sabar tana tafiya da IRRd, tambayar !j-* za ta nuna maka lambar da kowane rumbu ya kai. Ajiye lambar AFRINIC ta yau, ka gwada ta da ta gobe. Lambar babban rumbu da ta yi kwana biyu ba ta motsa ba tana nufin kwafi ya tsaya.

Na biyu, ya gwada sabon jeri da tsohon, kwastoma-kwastoma. Jerin da ya dawo fanko alhali jiya yana da kaya, a ƙi shi ba tare da shawara ba. Wanda ya ragu da yawa, a riƙe shi sai mutum ya duba. Nawa ne yawa? Ni ina ganin kashi 10 cikin 100 ma'auni ne mai kyau ga babban kwastoma. Ga mai rukuni uku ko huɗu, irin jami'a ko ƙaramin bankin al'umma, lissafin kashi ba ya aiki: ɓacewar ko da ɗaya ce a tsaya. Akwai ma'aunin da ya fi waɗannan duka kaifi: kafin ka cire rukuni daga rariya, duba ko kwastoman yana shelanta shi yanzu a rauta. Rukunin da ya ɓace a rajista amma yana nan da rai a kan waya, mutane na amfani da shi, ba na'ura ce za ta yanke shi da ƙarfe biyu na dare ba. A aika wa kwastoma saƙo, a ba shi wa'adi.

Kada ka manta da kumbura. Kwastoma yana iya saka as-set na wani babban kamfani cikin nasa bisa kuskure, jerin da ke da rukuni 30 ya wayi gari da dubbai. Irin wannan rariya ba ta tace komai, kuma tana iya cinye ƙwaƙwalwar ƙaramar rauta. Shi ma a riƙe shi.

Duk jerin da ya tsallake alƙali, a adana shi a git kafin a tura. Wannan ce ke ba ka damar komawa na shekaranjiya da umarni ɗaya, kuma ita ce shaidarka in kwastoma ya ce kai ka yanke shi. Turawa kuma ta zama ta bugu ɗaya. A Junos ka yi amfani da commit confirmed, don in ka rasa hanya rauta ta koma da kanta. A IOS XR, commit ne ke shigar da canji baki ɗaya. A tsohon IOS, rubuta sabon jeri da sabon suna, ka tabbatar ya cika, sannan ka juya maƙwabcin zuwa gare shi, ka goge tsohon daga baya. Masu MikroTik su bi wannan dabara ta suna biyu, su kuma kunna Safe Mode duk lokacin da suke aiki da hannu. Ka fara da rauta ɗaya, ka ƙirga hanyoyin da aka karɓa kafin canji da bayansa, sannan ka wuce ga sauran.

Saura ƙararrawa. Tunda ka koya wa manhaja ta yi shiru ta riƙe na jiya, dole wani ya sanar da kai cewa tana riƙe da na jiya. Jerin kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, rubutun route ba ya canzawa kullum, kuma da babu gara ba daɗi. Na wata guda kuwa sakaci ne. Sa ƙararrawa kan shekarun jeri, ta buga wayarka in ya wuce kwana biyu ba a sabunta ba.

Kwafin gida

Wanda ke da hali ya kafa tasa sabar IRRd ta huɗu, manhajar da NTT ta ɗauki nauyin rubutawa kuma kyauta ce. Tana buƙatar PostgreSQL da Redis, kuma ga mai son kwafe manyan rumbuna duka, takardunta suna ba da shawarar ƙwaƙwalwa 32GB. Wanda kwastomominsa duk 'yan AFRINIC ne ba ya buƙatar haka. Amfaninta a fili yake: in hanyar waje ta yanke, bgpq4 yana tambayar na'urar da ke ɗaki ɗaya da shi, ita kuma tana amsawa da abin da ta sani na ƙarshe. Amma kwafin gida ɗawainiya ce, ɗan'uwa. Yana son batir da inbata mai ɗaukar dogon rashin wuta, yana son mai duba ko NRTM na tafiya. Kwafin da aka kafa aka manta da shi ya fi rashinsa illa. In ka san ba ka da mai kula, ka tsaya kan sabobi biyu na waje, rr.ntt.net da whois.radb.net, waɗanda dukkansu ke ɗauke da bayanan AFRINIC, ka kuma riƙa sauke cikakken fayil ɗin da AFRINIC ke wallafawa kullum ka ajiye.

Kariyar da ba ta jiran rajista

Ko rariya ta lalace, akwai shingayen da za su rage ɓarna. Sa iyakar yawan rukunoni a kan kowane maƙwabci, ka ɗauko adadin daga PeeringDB ko daga abin da yake shelantawa yau tare da ɗan rara. Kada ka karɓi hanya daga kwastoma in a cikin jerin AS ɗinta akwai manyan dillalan duniya irin AS174, AS1299, AS2914, AS3356 ko AS6453, don ƙaramin kamfani a Anaca ba ya sayar wa waɗannan hanya. Sa alamar community kan duk hanyar da ta shigo, kada ka fitar wa na sama da kai komai sai mai alamar kwastoma ko taka. In na'urarka ta san RFC 9234 ta 2022, kunna ta.

RPKI ma ka sa, da masu tantancewa guda biyu, misali Routinator da rpki-client, a na'urori daban. Halinta yayin ɗaukewa kishiyar na IRR ne: in mai tantancewa ya mutu, rauta tana riƙe bayanan na wani lokaci, awa biyu bisa saitin asali na RFC 8210, daga nan hanyoyi su koma matsayin ba a sani ba, a karɓe su. Wato ba ta kashe kowa, kariya ce kawai ke janyewa. Sai dai kada a yaudare ka cewa ta maye gurbin rariya. Asalin hanya kaɗai take dubawa. Hanyoyin da suka zube a daren MainOne suna ɗauke da lambar Google ta gaskiya, AS15169, a matsayin asali.

Daren da abin ya faru

Dakatar da cron kafin ka yi komai. Duba ko an tura wani abu tun da matsalar ta fara. In an tura, dawo da jerin ƙarshe mai kyau daga git, ka nemi maƙwabci ya sake aiko hanyoyinsa ta route refresh, ba tare da ka kashe zaman BGP ba. In ba a tura ba, bar kaza cikin gashinta, ka koma ka kwanta.

Wanda zai matsa maka shi ne kwastoman da ke son a buɗe masa sabon rukuni alhali rumbu ba ya karɓar rubutu. Ana iya yi masa da hannu, amma da sharaɗi: ROA mai inganci a RPKI ko shaidar cewa AFRINIC shi ta ba adireshin, sannan a rubuta shi a fayil na musamman da ranar ƙarewa. Alfarmar da ba ta da ranar ƙarewa takan shekara biyar a rauta, wanda ya sa ta ya bar aiki, ba mai ƙarfin halin cirewa. Ka kuma tanadi hanyar shiga rautarka ta bayan gida, ko da layin waya ne na wani kamfani daban, don akwai ranakun da fita zuwa ɗakin na'urori ba ta da sauƙi.

Idan rumbun ne kansa ke tangal-tangal

Ba kullum matsalar ta awa biyu ba ce. A 2018 RIPE ta kwashe rubuce-rubucen adireshin da ba na yankinta ba ta mayar da su ƙarƙashin sunan RIPE-NONAUTH, kuma kamfanonin Afirka da yawa a can suka yi rajistarsu tun kafin AFRINIC ta buɗe nata. A 2022 ARIN ta rufe ARIN-NONAUTH baki ɗaya. Duk wanda bai bi sanarwa ba ya wayi gari jerinsa ya rame. Ita AFRINIC ɗin, mai hedikwata a Ebene ta ƙasar Morishiyas, kotu ta rufe asusunta na banki a Yulin 2021 a shari'arta da Cloud Innovation, ta zauna babu cikakken kwamitin gudanarwa tun 2022, aka naɗa mata mai riƙon ƙwarya a Satumbar 2023, aka soke zaɓen Yunin 2025 kafin a sake wani a Satumba. Ma'aikatanta sun riƙe sabobin suna aiki duk tsawon wannan rikici, kuma sun cancanci yabo. Amma wanda ya ga haka bai ajiye kwafi ba, shi ya so.

Wasu suna ba da shawarar ka yi rajistar rukunoninka a wuri biyu, AFRINIC da RADb. Ni ban cika son haka ba sai ga mai iya kula da duka biyun, saboda RADb kuɗi ake biya, kuma rubutun da aka manta da shi a rumbu na biyu shi ke buɗe ƙofar da ka ɗauka ka rufe. Abin da ya fi shi ne rubutunka na AFRINIC ya zama daidai, ROA ɗinka ya dace da abin da kake shelantawa, PeeringDB ya nuna as-set ɗinka tare da sunan rumbunsa, lambar wayar ɗakin kula da netwok ɗinka kuma ta zama wadda ake ɗagawa da dare.

A makon nan, zaɓi rautar gwaji, ka toshe ƙofa ta 43 daga na'urar da ke janyo bayani, ka kunna 'yar manhajarka da hannu, ka ga abin da za ta yi. Sannan ka ba ta as-set da babu shi a duniya, ka sake dubawa. In ta taɓa rauta a ɗaya daga biyun, kashe cron ɗin yau, kada ka mayar sai ka gyara.